Kundin Shirya Babur Don Tafiyar Jos Zuwa Yola

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Yau na karɓo babur ɗin da na shafe wata goma sha huɗu ina tara kuɗinsa, Bajaj Boxer mai inji 150, a kan naira 1,550,000, kuma mitarsa tana nuna kilomita 3 a lokacin da na turo shi daga shago. Niyyata ita ce in hau shi daga nan Jos zuwa Yola a farkon Disamba, ta Bauchi da Gombe da Numan, tafiyar da ta haura kilomita 500, domin in gai da Yayana wanda rabona da gidansa shekara uku ke nan, sannan in dawo ta hanyar da na bi.

Abokai biyu sun ba ni shawarar in ƙara kuɗi in sayi babban babur na hannu, irin wanda ake shigowa da shi daga waje, wanda zai fi gudu da daɗin zama. Na ƙi, saboda da wuya a sami gari a kan wannan hanya da babu bakaniken da ya san cikin Boxer, ko shagon da ke da kebur ɗinsa da tub ɗinsa, alhali babban babur idan ya tsaya wa mutum a Alkaleri, sai dai ya nemi motar da za ta ɗauke su, shi da babur ɗin. Na ware naira 150,000 don takardu da kayan aiki da kayan kariya, kuma zan riƙa rubuta duk abin da na kashe a nan.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Babur sabo yakan iso shago ne a warwatse cikin kwali, yaran shago su haɗa shi, kuma a ranar da na je na ga yara biyu sun haɗa uku kafin azahar. Wannan saurin ne ya hana ni natsuwa, don haka da safe na kai shi wurin bakanikena a Dilimi, dattijon da ya riƙa gyara wa mahaifinmu babur tun ina firamare. Na roƙe shi kada ya taɓa komai da hannunsa, ya tsaya a kaina kawai ya nuna mini, ni kuma in ɗaure.

Mun bi babur ɗin daga gaba zuwa baya, noti bayan noti. Notin da ke riƙe salansa a jikin firam ya juya da yatsa, ba tare da sifana ba. Ɗaya daga cikin kusoshin da ke riƙe kan babur bai kai rabin ɗauri ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne notin sandar da ke riƙe farantin birkin baya, domin an ɗaura shi amma ba a saka masa ɗan fil ɗin da ke hana shi kwancewa ba. Da na tambayi abin da zai faru idan ya kwance a kan gudu, sai dattijon ya ce, "Ɗana, farantin zai juya tare da taya, ya naɗe sandar birki, ƙafar baya ta ƙulle. Sauran sai abin da Allah ya yi." Ya ɗauko fil daga gwangwanin da yake tara irinsu, na saka, na lanƙwasa ƙafafunsa da filaya.

Daga nan ya koya mini jin sifok, wato siraran ƙarafan da ke riƙe rim na ƙafa, da kunne. Ana kaɗa kowane ɗaya da ƙaramar sifana, wanda ya ɗauru yakan yi ƙara siririya, wanda ya saki kuma yakan yi sauti kamar an bugi itace. Mun sami biyar a ƙafar baya da suka saki. Bai karɓi ko kwabo ba, ya ce in ajiye sai ranar juyen baƙin mai.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na gama da takardu: lamba, rajista, da inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, wadda kuɗinta ga babur naira 3,000 ne. Lasin ɗin hawa babur aji A ne, na nema tun watan jiya, kuma takardar wucin gadi tana hannuna. Duka sun ci naira 48,000. Da yake an hana acaba a cikin Jos da Bukuru, mai babur na kansa yana bukatar takardunsa a jikinsa kullum domin ya nuna cewa ba haya yake yi ba. Na yi kwafi biyu, na sa aka rufe su da leda, ɗaya a aljihun riga, ɗaya a ƙarƙashin kujera, na ainihin kuma suna cikin jakar da ba na rabuwa da ita.

Na kuma sayi hular kwano mai rufe haɓa a kan naira 35,000. Tun 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta, amma yawancin waɗanda na gani a kasuwa roba ce ƙwarya ɗaya, babu abin da ke tsotse bugu a cikinsu, kuma na zaga shago shida kafin na sami mai kauri wadda ta kama kaina ba ta juyawa.

Asabar, 11 ga Oktoba

Mita tana kan kilomita 146. Ina lallaɓa injin, ba na wuce gudun kilomita 50 a awa, kuma ba na barin sa a kan gudu ɗaya na tsawon lokaci, saboda zoben fistin yana bukatar ya goge jikinsa da bangon silinda a hankali kafin ya zauna. Hanyar Rayfield da ta Heipang nake bi da yamma bayan an tashi daga aiki. An yi ruwa ranar Alhamis, mai yiwuwa na ƙarshe ne a bana.

Talata, 14 ga Oktoba

Kilomita 231. Na sake bin notuna, babu wanda ya saki.

Asabar, 18 ga Oktoba

Yau ce ranar da na ware don koyon cire taya da faci, kuma ta zama rana mafi wahala tun da na fara. Na sayo kayan aiki jiya: sifana mai lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19, da babba ta notin ƙafar baya, da ta fulogi, da sukundireba iri biyu, filaya, liba uku ta cire taya, famfon ƙafa, ma'aunin iska da kwalin faci, duka naira 41,500. Tub biyu na ajiya, na gaba da na baya, sun ci naira 11,000. Kayan da suka zo tare da babur ɗin na ajiye su gefe, domin ƙarfensu mai laushi ne, kuma bakin sifana ɗaya ya buɗe tun ɗaurin farko.

Na yi aikin a tsakar gida, ni kaɗai, da kayan da za su kasance tare da ni a hanya kawai. Cire ƙafar baya ya ɗauke ni minti ashirin, domin sai da na kwance sandar birki, na cire fil ɗin nan, na sassauta sarƙa, na zare sandar tsakiya, sannan na jera ƙananan zobban ƙarfe a kan tsumma daidai yadda suka fito don kada in juya su wajen mayarwa. Fitar da tub bai yi wuya ba. Mayar da taya kan rim ne ya gagare ni. Ɓangaren ƙarshe ya ƙi shiga, na cusa liba da ƙarfi na danna, taya ta faɗa, na yi murna, na fara buga iska. Ma'auni ya ƙi tashi. Da na sake buɗewa, sai na ga ramuka biyu ƙanana kusa da juna, inda bakin liba ya matse tub a jikin rim.

Na ɗauki ƙafar na tafi wurin mai faci na bakin layinmu, na ce masa kada ya gyara, ya nuna mini kuskurena. Ya nuna mini abubuwa uku da ban sani ba. Ana ɗan hura wa tub iska kaɗan kafin a saka shi, domin ya yi siffa ya janye daga hanyar liba. Ana shafa ruwan sabulu a bakin taya. Abu na uku, wanda shi ne asirin aikin, shi ne a danna ɓangaren da ya riga ya shiga da gwiwa har ya faɗa cikin kwarin tsakiyar rim, domin daga nan ne ɗaya ɓangaren ke samun sakin da zai hau ba tare da ƙarfi ba. Na dawo gida na yi facin ramukan biyu, na kankare wurin, na shafa gam, na jira har ya daina sheƙi kafin na manna. Na cire na mayar sau biyu kafin magariba, na ƙarshen ya ɗauke ni minti arba'in daga farko har ƙarshe.

Wani abin da na gano shi ne iskar da aka buga mini a shago ta kai 45 a baya. Na mayar da ita 25 a gaba, 28 a baya, kuma zan kai ta baya 32 idan na ɗora kaya. Ana auna ta ne da safe kafin taya ta yi zafi.

Asabar, 25 ga Oktoba

Juyen farko a kilomita 512. Na ɗumama injin na minti biyar domin man ya saki, na kwance notin ƙasa, na tare shi a tsohon kwano. Da na kai kwanon rana na karkata shi, sai na ga ƙura mai ƙyalli tana yawo a cikin man kamar an barbaɗa garin azurfa. Dattijon ya ce haka sabon inji yake yi, wannan shi ne abin da ƙarafan suka goge daga jikin juna, kuma shi ya sa ba a jinkirta juyen farko.

A kan baƙin mai mun ɗan yi jayayya da mai shagon da na saya. Ya miƙo mini na mota, ya ce duk ɗaya ne, kuma ya fi araha. Ba ɗaya ba ne, domin a irin wannan babur kuloci yana cikin man inji ne tsundum, kuma wasu mayukan mota suna da sinadarin rage gogayya wanda ke sa farantan kuloci su riƙa sulɓewa. Na nace sai mai lamba 20W-50 wanda aka rubuta JASO MA a bayan galan ɗinsa, na duba hatimin murfin cewa ba a taɓa fasa shi ba, na biya naira 6,500.

Na kuma daidaita sarƙa, wadda ta saki sosai kamar yadda sabuwa takan yi. Na bar mata wasa na kimanin milimita 25 zuwa 30 a tsakiya, na tabbatar alamun ɓangarorin biyu sun yi daidai don kada ƙafar ta karkace. Na biya dattijon naira 3,000 duk da cewa ni na yi aikin, da ƙyar ya karɓa.

Laraba, 29 ga Oktoba

Na kai babur wurin wani mai walda domin ya ƙara wa kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na baya, tsawo, ta yadda akwatin ƙarfe zai zauna a bayan kujera. Ya yi aikin cikin yini ɗaya a kan naira 22,000, ya shafa baƙin fenti, kuma a ido ya yi kyau. Na lura cewa ƙarin ya fita bayan fitilar baya da kusan taƙi ɗaya, kuma babu ƙarfen da ya tokare shi daga ƙasa. Na yi magana, ya ce ya yi wa masu ɗaukar buhunan dankali irinsa bai taɓa karyewa ba. Na yarda da maganarsa.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Gwajin farko da kaya, kuma komai na tsarin kayan ya rushe. Na zuba kayan aiki da tub da galan ɗin ruwa da tufafi a cikin akwatin, na auna a ma'aunin mai sayar da hatsi, ya tashi kilo 27. Na bi ta Bukuru da Mararrabar Jama'a da Riyom, da nufin in gangara Hawan Kibo har Assop in juyo, domin in ga yadda babur zai yi a gangara da hawa.

Tun kafin Riyom na ji kan babur ya yi sauƙi fiye da kima. Da na kai gudun 65, sai ya fara kaɗawa hagu da dama a hannuna, kuma duk lokacin da babbar mota ta wuce ni, kaɗawar takan ƙaru. Na rage gudu, ta lafa. Dalilin a fili yake: nauyin yana can sama, kuma yana bayan sandar ƙafar baya, don haka yana ɗaga gaba kamar yadda mai nauyi ke ɗaga ɗan'uwansa a kan lilon katako, ƙafar gaba ta rasa riƙon ƙasa.

A gangarar ce na ga abin da ya fi wannan. Hawan Kibo doguwar gangara ce mai kwana-kwana, inda hanya ke sauka daga kan tudun Filato, kuma duk wanda ya saba bin hanyar Akwanga ya san yawan manyan motocin da birki ya ƙwace musu a wurin. Na shiga da giya babba, ina riƙe da birkin baya da ƙafa kusan ba ɗagawa. Kafin rabin gangarar na ji fedar tana nutsewa ƙasa fiye da yadda ta saba, babur kuma ba ya rage gudu yadda ya kamata, ga wani wari kamar na ƙonanniyar roba. Na kama birkin gaba a hankali, na sauke giya ɗaya bayan ɗaya, na sami fili a gefe na tsaya. Na ɗiga ruwa kaɗan a kan gangar birkin baya, ya yi cuu ya tashi tururi nan take. Birkin ganga idan ya yi zafi sosai, layinin cikinsa yakan rasa kamu, gangar kuma ta ɗan buɗe, shi ya sa fedar ke nutsewa. Na zauna a kan dutse na minti ashirin har ya huce da kansa, domin kwara masa ruwa da yawa yana iya lanƙwasa shi. Sauran gangarar na sauka da giya ta biyu, injin yana riƙe babur, birki kuma ina taɓa shi ina saki, gaba da baya tare. A nan wani mai babur ya wuce ni ya kashe inji don tsimin mai, ɗauke da mutum biyu, na bi shi da addu'a har ya ɓace a kwana.

A Assop na sauka don duba kaya, na ga fentin ya tsage a inda aka haɗa sabon ƙarfe da tsohon. Da na ɗaga akwatin da hannu, tsagar ta buɗe har farcena ya shiga. Walda ta tsage fiye da rabi a kilomita sittin da 'yan kai. Na kwashe kayan masu nauyi na ɗaure su a kan kujerar baya da robar tsohon tub, na hau gida a hankali, na iso bayan la'asar. Mita 738.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Na koma wurin mai waldan na nuna masa. Ya ce ramukan hanya ne, ya nemi ya ƙara walda a kan tsagar. Ban yarda ba, domin ko da waldar ta riƙe, kaɗawar kan babur tana nan. Na kai wa wani daban, ya yanke ƙarin gaba ɗaya, ya mayar da kariya yadda kamfani ya yi ta, sannan ya yi mini ƙananan firam biyu a gefe da gefe waɗanda za su hana jaka taɓa taya da salansa. Ya karɓi naira 9,000. Wani mai ɗinkin tamfol ya ɗinka mini jaka biyu masu rataya a kan kujera a kan naira 18,000. Yanzu ƙarafa da ruwa za su zauna ƙasa, a gaban sandar ƙafar baya, nauyin hagu daidai da na dama, tufafi kawai za su hau sama. Akwatin ƙarfen na bar wa uwargida, ta ce zai yi mata amfani a ɗakin girki. Naira 22,000 ɗin farko ta tafi ke nan.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Ranar Asabar na sa wani mai gyaran waya ya ƙara mini fitila ɗaya a gaba, naira 12,000 har da kuɗin aiki. Ba don tafiyar dare na yi ba, domin na ƙudura ba zan yi ta ba, sai don hazon hunturu, manyan motoci su hango ni da wuri. Yau da safe na danna sitata, ko motsi. Ham ma ya ƙi kuka. Na tayar da shi da kik, na kai wa dattijon, muka cire kujera da tanki.

An jona wayar fitilar kai tsaye daga batir, ba ta bi ta makulli ba, don haka duk wanda ya taɓa maɓallin zai kunna ta ko babu makulli, kuma da alama yara sun taɓa ta jiya da yamma a cikin zaure. Wannan shi ne ƙaramin laifin. Babban shi ne babu fiyus a kan layin, kuma an bi da wayar ta ƙarƙashin tanki a inda take gogar ƙarfe, har robar jikinta ta fara cinyewa a kwana biyu kacal. Da ta huje a hanya, tartsatsi ne a ƙarƙashin lita 11 na fetur. Mun sake jona ta daga layin da ba ya samun wuta sai an murɗa makulli, muka sa fiyus kusa da tushe, muka zura wayar cikin bututun roba muka ɗaure ta nesa da duk wani kaifi. Naira 4,000 da cajin batir.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Gwaji na biyu, Bauchi da dawowa, da cikakken kaya kilo 22. Na cika tanki har wuya a Jos a kan naira 950 kowace lita, na rubuta lambar mita, na fita ƙarfe bakwai ta Tilden Fulani da Magama Gumau. Kaɗawar ta tafi gaba ɗaya, babur ya zauna daram har a gudun 75, kuma a kwana jakunkunan ba sa jan sa gefe.

Bayan Nabardo kaɗan na ji baya yana lilo kamar ana tafiya a kan yashi. Na tsaya a ƙarƙashin wata bishiya, na ga ƙusa ta shige tayar baya har kai. Babu gida kusa, sai wani yaro makiyayi da ya zo ya tsuguna yana kallo, daga baya ya riƙe mini babur lokacin da nake zare ƙafar. Na shimfiɗa tsumma, na jera komai yadda na saba a tsakar gida, na fitar da tub, na sami ramin, na kankare. Da na buɗe gam ɗin faci na matsa, babu abin da ya fito. Tun ranar 18 ga Oktoba da na fasa bakinsa ya bushe ƙam a cikin bututunsa, ni kuma ban sake duba shi ba. Tub ɗin ajiya ne ya cece ni. Kafin in saka shi na zare ƙusar da filaya, na bi cikin tayar da yatsu a hankali don kada wani tsini ya rage. Famfon ƙafa ya kai iskar 32 bayan bugu mai yawa. Duka aikin minti hamsin. Na ba yaron biskit da ruwa, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Baba."

A Bauchi na ba mai faci tub ɗin da ya huje ya gyara, na sayi wani sabo a kan naira 5,500, da ƙananan gam guda uku waɗanda ba za a fasa ko ɗaya ba sai ranar bukata. Na dawo Jos kafin la'asar ta yi sanyi, na sake cika tanki a famfon da na sha da safe. Kilomita 268, lita 6.9, wato kusan kilomita 39 a kowace lita, da kaya da kuma hawan dawowa. A lissafi tanki ɗaya zai wuce kilomita 400, amma zan riƙa cikawa a duk babban gari, ba zan bari in taɓa rezab, wato ɗan ragowar man ƙasan tanki, ba.

Abin da ban shirya masa ba shi ne jikina. Bayan awa biyu a kan kujera kafaɗa da ƙugu sun fara ciwo, yatsun hannun dama kuma sun yi sanyi sun mutu saboda karkarwar totur. Zan riƙa tsayawa duk bayan awa ɗaya da rabi, ko na gaji ko ban gaji ba.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Kilomita 1,214. Na wanke sarƙa da kalanzir da tsohon buroshi, na bar ta ta bushe, na shafa mata man giya mai lamba 90, na mayar da murfinta.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Hunturu ya sauka sosai, kuma sanyin Jos da asuba sai da cok injin ke tashi. Na buɗe matatar iska na same ta ta yi ja da ƙura, na tsabtace ta, kuma zan sake dubawa a Gombe da Yola. Na cire fulogi na ga bakinsa ya ɗan yi duhu, bai kai baƙin hayaƙi ba, amma ya wuce launin ƙasa-ƙasa da ake so.

Wani matashin bakanike da ke kusa ya ce a rage wa kafireto mai, babur zai fi tsimi. Dattijon ya hana, kuma bayaninsa ya gamsar da ni. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, iskarta ba ta da kauri, don haka man da kafireto ke bayarwa yakan ɗan yi wa iskar yawa, shi ne duhun da na gani. Yola kuwa tana kwarin Binuwai, can ƙasa, ga zafi. Idan aka rage man don ya dace da Jos, da zarar an sauka ƙasa iskar za ta rinjayi man, injin ya riƙa zafi fiye da kima, kuma inji ne da iska kawai ke sanyaya shi. Ya ce, "Gara fulogi ya yi duhu a nan da ya yi fari fat a Numan." Mun bar saitin kamfani yadda yake. Zan cire fulogin a Gombe in ga launinsa.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Na sayi kayan ajiya na ƙarshe: kebur na kuloci da na totur, fulogi, fiyus, kwan fitila, mahaɗin sarƙa, ɗan ƙunshin waya da notuna, naira 14,000. Sabon kebur ɗin kuloci na bi da shi kusa da tsohon na ɗaure, na rufe bakinsa da leda, ta yadda idan na ciki ya tsinke, jona bakuna biyu kawai zan yi. Na gwada cirewa da mayar da mahaɗin sarƙa sau biyu, kuma na rubuta a murfin kwalin kayan aiki cewa rufaffen kan ɗan makullin yana fuskantar inda sarƙa ke tafiya, domin idan aka juya shi yana iya fita. A gwanjo na sami riga mai kauri da safar hannu na fata a kan naira 27,000, na kuma sayi galan ɗin mai na juye na biyu a kan 6,500.

Da na haɗa lissafi, ban da kuɗin babur da fetur da abin da na ba dattijon, na kashe naira 260,000, wato na haura abin da na ware da 110,000. Abin da ya fi ɓata mini rai a ciki shi ne kuɗin kariyar farko, domin na ga aibin da idona kafin in biya. Saboda wannan gibi na janye shirin sauya tayar baya da mai manyan haƙora, ta yanzu za ta kai ni ta dawo da ni, sai a duba batun bayan albashin Janairu.

Juma'a, 5 ga Disamba

Jiya na yi juye na biyu a kilomita 1,690, da wuri fiye da ƙa'ida, domin in fita da sabon mai. Man ya fito babu ƙyallin nan na farko. Na bi notuna da sifok, biyu sun saki a baya na ɗaure, na ƙara wa birkin baya ɗauri kaɗan, na duba fil ɗin sandar birki yana nan. Kaya sun tsaya a kilo 21, hagu 8, dama 8, sama 5.

Gobe in Allah ya yarda zan fita ƙarfe bakwai, bayan hazo ya ɗan ɗaga. Zan sha mai a Bauchi, in ƙetare gadar Dindima, in huta a Alkaleri, in kwana a Gombe wurin wani abokin karatuna. Ranar Lahadi zan bi ta Billiri da Kaltungo da Cham, in ƙetare Binuwai a Numan, in shiga Yola kafin la'asar. Duk inda ƙarfe biyar ta same ni a gari, a nan zan kwana. Na ba uwargida da Yaya jerin garuruwan, kuma zan kira su daga kowane ɗaya. Na je na yi wa Hajiya sallama bayan sallar Juma'a, ta yi mini addu'a ta ba ni ƙullin dabino, na sa shi a aljihun jakar dama, kusa da ma'aunin iska, wanda zan fara amfani da shi da asuba kafin in fito da babur daga zaure.